Ƙafar da Baba Ya Ɗora a Karkace

A shekarata ta shida ina koyon ɗori, maigidana ya ɗora ƙafar wani mutum a karkace, ni kuma na faɗa a gaban mutane.

Ni ba ɗan gidan ɗori ba ne. Ubana manomi ne, ni kuma dako na yi a kasuwar Ɗanbatta tun ƙarfina yana sabo. Wata rana muna sauke buhunan gyaɗa daga kan babbar mota, katakon da muke takawa ya zame, na faɗo, buhu ya biyo ni ya sauka a kan cinyata ta dama. Wani mutum da ya ce ya iya ne ya ɗaure ni a bayan rumfunan hatsi, cikin gaggawa, aka sa ni a mota aka kai ni gida. Wata huɗu ina kwance. Da na tashi, ƙafar ta gaza 'yar'uwarta da faɗin yatsa uku. Dako ya ƙare. Noma ma sai na rabin wuni, don kafin azahar ƙuguna ya riƙe. Matata ta koma gidansu a wannan shekarar, ban kuma ga laifinta ba.

Aka ba ni labarin wani tsohon maɗori a wani ƙauye arewa da mu, wai yana sake karya ƙashin da ya warke ba daidai ba, ya gyara shi. Na je. Ya sa na kwanta a tabarma a zaurensa, ya rufe ido, ya bi cinyar da yatsunsa tun daga ƙugu har gwiwa, ya dawo. Sannan ya ce, "Ka makara. Ƙashin nan ya riga ya zauna inda yake so. In na taɓa shi yanzu, ɗan abin da kake da shi ma za ka rasa."

Na ce, "To."

Ina ƙoƙarin tashi aka shigo da wani ƙaton mutum da ya faɗo daga kan kuka, kafaɗarsa ta goce. Mutum biyu suka kasa riƙe shi. Tsohon ya dube ni ya ce, "Kai gurgu, hannayen nan naka na ado ne?" Na kama mutumin yadda nake kama buhu. Bai motsa ba har aka gama. Ranar a gidan na ci tuwo. Ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya ce in tafi, sai na zauna. Daga nan na fara kiransa Baba, matarsa kuma Inna.

Ɗakuna uku ne a bayan zauren, na masu karaya, ba kasafai suke zama babu kowa ba. Shekara biyu aikina riƙo da ja ne kawai, sai feƙe kara. Karan dawa ake zaɓa, wanda ya bushe a tsaye, a yanka shi daidai tsawon gaɓa, a saƙa da zare kamar ƙaramin asabari. Shi ake naɗa wa ƙafa a kan auduga, sannan a bi da ƙyalle. A shekara ta uku ya fara barina da dabbobi: akuyar da jaki ya taka, tunkiyar da babur ya buge.

"Fara da su," in ji shi. "Akuya ba ta kai ƙara wurin dagaci."

Ranar kasuwa yakan aike ni wurin mahauta in karɓo ƙashin ƙafar rago. Ya karya shi da dutse inda ba na gani, ya zura a tsohuwar safa, ya cika ta da dusa, ya ɗaure bakin, ya jefo mini. Aikina in haɗa ƙashin ta bayan safar, da yatsu kaɗai. Sai in yi rabin wuni a kai. In na ce na gama, ya karɓa ya shafa sau ɗaya ya ce, "Wannan ragon in ya tashi, da baya zai riƙa tafiya." Ya jefo mini ita kuma.

Shi da yatsu yake gani. Mutane su zo da hoton ƙashi daga asibiti, ya ɗaga shi a rana ya duba don kada ransu ya ɓaci, sannan ya ajiye, ya rufe ido, ya taɓa. Bai raina asibiti ba. In ƙashi ya huda fata ya leƙo, ko kuma abin a baya yake ko a kai, to ko zama ba ya bari su yi, sai ya ce a nemi mota. Ni ba ni da irin yatsunsa. Hannuna ya yi kanta tun zamanin dako, don haka na samo dabarata. Siririyar igiyar rama nake yawo da ita a aljihu. In auna lafiyayyar ƙafa daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu, in ƙulla, in ɗora a kan karyayyar in gani. Ranar da Baba ya fara kama ni ina yi, ya yi dariya har da tari. Ya ƙwala wa Inna kira ta bayan zana.

"Ke, leƙo ki gani! Ashe tela muka ajiye a gidan nan. Kai, wando za ka ɗinka masa?"

Tun daga ranar, in ransa yana daɗi Tela yake kirana, in ba ya daɗi Gurgu.

Akwai doka ɗaya da ya gaya mini tun makon farko. Ɗaurin da maɗori ya yi, wani hannu ba ya kwance shi, sai dai shi ya kwance da kansa, ko in ya mutu. Duk maɗoran yankin a kan haka suke. In aka kawo mana wanda aka ɗora a wani wuri, Baba mayar da su yake yi, komai nisa. Sun yarda cewa in wani ya kwance, ƙashin ba zai kama ba, albarkar hannun wanda ya ɗora kuma ta tafi. Ban tambayi dalili ba. A shekara ta shida na iya kusan komai, abu ɗaya ya rage bai ba ni ba, wato addu'ar da yake tofawa a kan ɗauri, wadda ya karɓa daga ubansa. Ita ce izini. Wanda ba shi da ita mai taimako ne, komai iyawarsa. Ɗansa namiji ɗaya ne, direba a Kano, bai taɓa tsayawa koyo ba. In na yi zancen, Baba sai ya ce, "In lokaci ya yi."

Mutumin da nake ba da labarinsa da bazara aka kawo shi, lokacin da kowa ke kai taki gona. Mai shanun huɗa ne daga ƙauyen da ke gabas da mu. Bijimai biyu gare shi, da damina ya yi wa mutane huɗa da su, da rani su ja masa amalanke, da su yake ciyar da gida cike da 'ya'ya. Amalanken ce cike da taki ta gangaro a wani gangare, ya sa ƙafa zai tare, taya ta bi ta kan ƙwaurinsa na hagu. Fatar ba ta huje ba. Yayansa ne ya kawo shi da hantsi.

Mutum ne mai surutu ko a cikin ciwo.

"Baba, ka ɗora ta da kyau. Bijiman nan nawa ba sa jiran kowa."

"Rufe bakinka ka kira sunan Allah."

"Ina kira a ciki, Baba. Bakin ne ya saba."

Ni na ja, yayan ya riƙe ƙugu, Baba ya ɗora. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Sau biyu yana buɗe ido yana duba wurin, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya naɗa kara, ya ɗaure, ya yi tofi.

Washegari da safe na kai wa mutumin ruwan wanke fuska. Yana kwance rigingine. Ƙoƙon gwiwarsa yana kallon rufin ɗaki, babban yatsan ƙafar kuma yana kallon ƙofa. Wuri ɗaya ya kamata su kalla. Na ce ko kwanciya ce, na gyara masa matashi, na daidaita ƙugun. Yatsan bai dawo ba. Na fito da igiya.

"Tela ya zo awo," in ji shi, don ya ji Baba yana kirana haka. "A yi mini aljihu biyu."

Sau uku na auna. Ta gaza da faɗin yatsa biyu.

Na san abin da yatsa biyu ke nufi, a jikina na sani. Mai huɗa wuni yake a bayan shanu, cikin ƙasa mai laushi, hannu a kan garma. Da gajeriyar ƙafa mai kallon gefe ba zai gama gona ɗaya ba. Kuma ƙashi ba ya jira. Na babban mutum, kwana goma zuwa sha biyu ya fara kamawa. Bayan nan sai dai a sake karyawa, ƙwauri kuwa ba kullum yake yarda da karaya ta biyu ba.

Abin da ya kamata in yi shi ne in jira Baba ya keɓe. Ban yi ba. Da ya shigo duba shi, yayan yana zaune a bakin ƙofa tare da mutum biyu da suka zo dubiya, sai na ce, "Baba, ƙafar nan a karkace take. Ta gaza da yatsa biyu."

Baba bai dube ni ba.

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Aunawa na yi."

"Da igiyar ɗaure akuya."

Mai shanun ya fashe da dariya. "Haba Malam Tela! Kai da ƙafarka ɗaya take isa masallaci kafin ɗaya, kai za ka gaya wa Baba miƙaƙƙiya? A gidan nan aka ɗora ubana, har ya mutu tafiyar soja yake yi."

Masu dubiya suka taya shi dariya. Yayan bai yi ba, ƙafar yake kallo.

Baba ya ce, "Fita, Gurgu. Akwai taki a bayan gida, gonar gabas tana jira. Kada in sake ganinka a ɗakunan nan."

Na ɗaura wa jaki mangala na kama jigilar taki. Kwana biyu ba wanda ya yi mini magana. A rana ta uku yayan mai shanun ya same ni a gona. Mutum ne mai sanyi, ya gaishe ni har sau biyu kafin ya shiga magana.

"Malam, abin da ka faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Jiya na je wurin wani maɗori wajen Zakirai. Ya tambaye ni ɗaurin wane ne, na gaya masa. Ya ce ko ɗan cikinsa ne ba ya taɓawa."

"Ku kai shi asibiti. Yau, ba gobe ba."

"Na faɗa wa ƙanen nawa. Ya rantse ba mai ɗaga shi daga ɗakin nan. Ya ce ni da kai bakinmu ɗaya." Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "To kai ka kwance mana, in Baba ya tafi masallaci. Wa zai sani?"

Na ce masa kowane maɗori ya san ƙullinsa kamar yadda ya san fuskar ɗansa, kuma gyaran ƙwauri ba a yinsa a ɓoye, ihun kaɗai zai tara unguwa. Wannan duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, shekara shida ina cin tuwon gidan, ba zan iya bin bayan tsohon in shiga ɗakinsa kamar ɓarawo ba. Ya tafi kansa a sunkuye.

Washegari da safe na zo wucewa ta zaure da jakin. Baba yana zaune da wani maƙwabci, yana narka man shanu a ƙaramin kasko a kan garwashi, na shafa wa masu targaɗe. Kullum da yatsa yake gwada ɗuminsa. Man har hayaƙi yake yi. Ya tsoma ɗan ali, ƙaramin yatsansa, a ciki, ya bar shi, yana ta ba maƙwabcin labarin farashin taki na zamani. Sannan ya cire ya goge a riga. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Na tsaya riƙe da igiyar jaki. Na tuna carbinsa da yake yawan suɓuce masa tun bayan kaka. Na tuna ya daina jefo mini safar dusa, in kuma na haɗa da kaina na miƙa masa sai ya ce in ajiye. Na ɗaure jakin na zagaya ƙofar cikin gida. Inna tana zaune a inuwa tana tsintar wake a faifai.

"Inna, yaushe Baba ya daina jin yatsunsa?"

Ba ta ɗago ba. "Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Kullum ba kowa. Bakin nan naka shi yake aiken kansa." Ta watsa wa kaji ruɓaɓɓen wake. "Tun bayan kaka. Ciwon sugan nan ne, ya fara da tafin ƙafa, ya hau hannu. A asibiti sun gaya masa haka zai yi. Ni nake sa masa maɓallin riga. Ni nake taɓa masa koko kafin ya sha. Ƙananan karaya yana yinsu da ido da sabo, Allah yana rufa asiri. Wannan ce babba ta farko."

"Ƙafar mutumin za ta lalace."

"Kai kaɗai ke da ido? Ya ga yatsan nan kafin ka gani. Tun ranar bai ci abincin kirki ba. Da ka yi shiru, da ya nemi hanyar da zai bi, ya ce za a shafa mai ko wani abu. Yanzu ka ɗaure shi a gaban baƙi. In ya kwance, ya yarda da maganarka a idon duniya. In ma ya kwance, da wane hannu zai gyara?"

Ban taɓa tunanin haka ba. Ni dai na ga karkatacciyar ƙafa na faɗa. Ban ga tsohon da ke tsaye kusa da ita ba.

A rana ta biyar, bayan la'asar, na same shi shi kaɗai a gindin gawon da ke bakin gonarsa, inda yake zama ya kalli hanya. Durƙuso wahala ne a wurina, amma na durƙusa.

"Baba, na yi laifi da na yi magana a gaban mutane."

"Ka gama?"

"A'a. Ƙafar tana nan a karkace. Yau kwana biyar."

Hannayensa suna kan gwiwa, ɗan alin ya tara ruwa ya yi fari.

"Ta gaya maka," in ji shi.

"A kaskon mai na gani."

Ya ɗaga yatsan ya duba kamar na wani ne. "Tun ina saurayi da su nake ci. Yanzu in na taɓa ƙafar mutum, kamar ta cikin bargo nake taɓawa. Ubana bai ga irin wannan ba, shi da hannunsa ya mutu." Ya nuna gidan da haɓa. "Ranar da mutane suka ji, ɗakunan can sun zama na ajiye harawa. Gidan ɗori tun kakana."

Ban iya lallashi ba. Na naɗe wandona na nuna masa cinyata.

"Kai ka taɓa wannan ka ce na makara. Shi bai makara ba tukuna. A gyara shi, bayan nan ka kore ni in kana so."

"Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Na koma zaure na ɗaure 'yan kayana a ɗankwali, don a zatona zaman ya ƙare. Na yanke shawara in gari ya waye zan je in sami dagacinsu mai shanun, ko shi zai iya tilasta masa tafiya asibiti.

Washegari da rana ta ɗan ɗaga, Inna ta buga zana. "Yana kiranka. Ka wanke hannu da sabulu."

A ɗakin na tarar da yayan, da wani maƙwabci mai ƙarfi, da sabon kara da auduga a gefe. Baba yana tsaye. Ya yi magana da ƙarfi yadda na waje ma zai ji.

"Yau za a shafa mai a sake ɗauri. Kuma yau zan ɗora hannu a kan na Telan nan, yadda ubana ya yi mini, ko Allah zai sa ya koyi wani abu ban da surutu."

"Baba, a kaina za a koya?" in ji mai shanun.

"Awakin gari sun ƙare. Kai ka rage."

Wannan sananniyar al'ada ce a wurin maɗora. In mai koyo ya kusa kammalawa, maigida yakan ɗora tafinsa a bayan hannunsa su yi aiki tare. Muddin hannun maigida yana sama, aikin nasa ne, ba mai cewa wani hannu ya kwance. Ni ban tuna da ita ba. Shi ya tuna.

Na zauna a gaban ƙafar, ya zauna a gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Ya ɗora hannayensa a kan nawa. Sanyi gare su, ba nauyi. Ya yi bismilla, na kwance ƙullin, na warware ƙyallen, na ɗauke karan. Kumburin ya sauka. Ya kawo bakinsa kusa da kunnena, kamar mai karanta addu'a.

"Rufe ido. Me kake ji?"

"Na ƙasa ya hau bayan na sama. Ya juya waje."

"Bakin karayar a miƙe yake, ko kamar fiƙar alƙalami?"

Na bi da yatsa a hankali. "Kamar fiƙar alƙalami."

"Shi ya sa ya zame." Ya ɗaga murya ga mutanen biyu. "Kai riƙe ƙugu, ka danne. Kai kama diddige. Ja a hankali, kada ka fizga. Ƙara. Tsaya nan, kada ka saki."

Mai shanun ya kira Allah, ya kira uwarsa, ya zagi bijimansa ɗaya bayan ɗaya. "Wayyo Tela, me na yi maka? Wasa nake yi, wallahi wasa nake yi!"

Na so in juya ƙafar. Baba ya danne hannuna. "Tukuna. Bari tsokar ta gaji." Muka jira. Gumi yana ɗiga daga haɓar mai ja. Kamar tsawon karanta Fatiha uku, sai na ji naman ya saki a ƙarƙashin yatsuna.

"Ya sauko," na ce.

"Duka?"

"Saura kaɗan. Yanzu ya sauko."

"To sa shi ya juyo da ƙafar ciki, kaɗan kaɗan, har babban yatsa ya kalli inda gwiwa take kallo. Kai kuma tura na ƙasan da babban yatsanka na hagu. Kada ka yi ƙarfin dako."

Na tura. Ba ƙara aka ji ba. A hannu na ji shi, kamar murfi ya zauna a bakin tukunya.

"Ya zauna, Baba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Muka shafa mai, muka sa auduga, ya ce a ƙara kara biyu ta waje saboda kada ya sake zamewa. Da yatsuna aka yi ƙullin, amma irin nasa ne, shi yake gaya mini inda zan bi. Ya sunkuya ya yi tofi. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya fita.

Mai shanun yana kwance idonsa a rufe, ba surutu. Yayan ya matso ya ce a hankali, "Malam, auna mana." Na auna. Bambancin bai kai rabin yatsa ba.

Wata biyu ya yi a ɗakin. Daminar ta wuce shi, yayan ne ya bi shanun, shi kuma yana kan tabarma yana mita wai an ɓata masa suna da karkatacciyar huɗa. Damina ta gaba shi ya riƙe garmarsa. Bai taɓa sanin abin da ya faru ba. Har yau in mun haɗu a kasuwa gaya wa mutane yake yi wai a kansa na koyi aiki, kuma da ba don hannun Baba yana sama ba da na ɓata shi. Ba na gyara masa. Yayan ya sani, ko ya yi zato, amma bai taɓa faɗa ba.

Ban tafi ba. Shekara biyu muka ƙara a haka. Duk babbar karaya, hannunsa a sama, nawa a ƙasa, yana tambaya a kunne ina amsawa. Mutane suna yabon haƙurinsa, wai tsoho ya dage sai ya koyar da gurgu. A shekara biyun nan na koyi abin da ban koya ba a shida, don dole in faɗi abin da yatsuna suke ji, in na faɗa ba daidai ba kuma ya gane daga yadda ƙafar take kwance. Sau ɗaya kawai ya tayar da zancen. Muna feƙe kara, ni ina yanka shi yana kallo, sai ya ce, "Gaskiya ka faɗa ranar. Wurin faɗa ne ba ka sani ba, kuma ba na jin za ka sani."

Da ciwon ya kwantar da shi, ya sa aka kira ɗansa daga Kano. Suka rufe ɗaki daga azahar zuwa la'asar. Shi ɗan nasa Baba ya ba wa addu'ar. Ina zaune a zaure Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ya ce in gaya maka hannunka ya isa. Ya ce addu'a kuwa amanar baki ce."

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ban shiga gaishe shi ba. A na uku na shiga, don shi ma bai yi ƙarya ba, kuma ba mai iya juya shi a kan gado sai ni. Ina cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa.

Ɗan ya dawo gidan da zama. Mutumin kirki ne, ba ya taɓa ƙashi, ya san bai iya ba. Tofi yake yi a ruwa. Wasu in na ɗora su sai su aika wurinsa a karɓo ruwan su yayyafa a kan ɗaurin. Ba na hanawa.

Yanzu ina gidan ubana, gabas da Ɗanbatta. Na sake aure, bazawara ce mai 'ya'ya biyu mata. Ina noma gero da gyaɗa gwargwadon abin da ƙugu ya yarda. Na gina ɗakuna biyu a bayan zaure na masu karaya, ɗaya babu kowa, ɗayan akwai wani magini da ya faɗo daga kan tsani, yau kwanansa tara.